Likita, wai da gaske jan wayin maganin zuciya ne? Amsoshin tambayoyinku na wannan makon

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wannan makon tambayoyi sun taru akan abu ɗaya, wato wayin, giyar da ake yi da ruwan inabi, da kuma giyar kwalba. Na san wasu zasu ce likita me ya kai ka wannan magana, to Kaduna gari ne na kowa da kowa, Musulmi da Kirista duk marasa lafiyana ne, kuma wallahi akwai waɗanda ko a mafarki basu taɓa tunanin shan giya ba amma aka ruɗe su da sunan magani. Hukuncin addini malamai da fastoci sun fi ni sani, ni abinda yake faruwa a cikin jiki zan faɗa.

Tambaya ta farko daga wani bawan Allah a Unguwar Rimi: Likita shekarata 52, inada hawan jini ina shan magani, wani abokin aikina yace in dinga shan ƙaramin kofi na jan wayin kullum da dare wai yana wanke jijiyoyin zuciya, wai Turawa sun tabbatar. Ni ban taɓa sha ba amma maganar ta tsaya min a rai.

Yallaɓai, don Allah kada ka fara. Barasa ita kanta tana ɗaga jini, kuma tana rage wa maganin da kake sha ƙarfi, kaga kenan ana gyara ana ɓatawa. Amma bari in gaya maka inda abokinka ya samo maganar, don ba shi ya ƙirƙira ba. A shekarar 1991 wani shirin talabijin na Amurka mai suna 60 Minutes ya yi hira da wani masani ɗan Faransa, Serge Renaud, akan wani abu da ya ɗaure wa likitoci kai, wai Faransawa suna cin man shanu da cuku da nama mai kitse sosai amma ciwon zuciya bai kashe su kamar yadda yake kashe Amurkawa. Sai aka ce ai jan wayin da suke sha da abinci ne sirrin. Daga nan cinikin jan wayin a Amurka ya yi tashin gwauron zabi, maganar ta zagaye duniya, shine har yau take yawo a WhatsApp.

To da aka zo aka sake duba binciken da kyau sai aka ga ramuka. Babban ramin shine, a cikin waɗanda aka rubuta a matsayin marasa shan giya akwai mutane da yawa da a da suna sha, ciwo ne ya sa suka daina. Ka haɗa marasa lafiya cikin rukunin da basa sha, dole masu sha kaɗan su fito kamar sun fi lafiya. Na biyu, mai iya sayen wayin kullum a can yawanci mai hali ne, yana cin abinci mai kyau, yana ganin likita akan lokaci, yana motsa jiki, to wayin ne ya kare shi ko kuwa aljihunsa?

Akwai kuma sinadarin da ake ta tallatawa, resveratrol, wanda yake a ɓawon inabi. Eh yana nan, amma ɗan mitsitsi ne, adadin da aka ba ɓeraye a ɗakin gwaji in mutum zai same shi daga wayin sai ya sha ɗaruruwan kofuna a rana, hanta ta daɗe da mutuwa kafin nan. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili tace babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Kuma tun 1988 aka saka ta a sahun farko na abubuwan da ke jawo kansa, sahu ɗaya da taba. In ta shiga jiki hanta tana mayar da ita wani sinadari, acetaldehyde, shi ne yake lalata ƙwayoyin halitta, shi ya sa ake samun kansar baki, maƙogwaro, hanta, hanji, da kansar mama ga mata.

In ɓawon inabin kake so, ka tsaya wajen masu kayan marmari ka sayi inabin ka wanke ka ci da ɓawonsa. Zoɓo ma in ba a cika masa suga ba, an yi gwaje-gwaje da suka nuna yana ɗan sauke jini, ka dai sanar da likitanka kana sha, kuma ba a ajiye magani saboda shi. Rage gishiri da magi, ka dinga takawa na rabin awa da safe ko bayan la'asar.

Tambaya ta biyu daga wani matashi a Sabon Tasha: Dokta ni gaskiya ina shan giya kwalba biyu ko uku duk wikend, teɓa ta fara fito min, budurwata tace in koma wayin ya fi tsafta kuma na manyan mutane ne. Wanne ya fi sauƙin illa? Kuma burukutu fa da kakanninmu suka sha har suka tsufa?

Ɗan'uwa na gode da ka faɗi gaskiya, haka muke so. Abinda ke bugarwa a wayin, da giyar kwalba, da burukutu, da pito, da bammi, da ogogoro, duk abu ɗaya ne sunansa ethanol. Yis ne yake cinye sugar da ke cikin inabi ko sha'ir ko dawa sai ya fitar da shi, Louis Pasteur na Faransa ne ya gano wannan aikin na yis wajajen 1857. Hanta bata san kuɗin kwalba ba, yawan ethanol ɗin kawai take ji.

Mu yi lissafi. Babbar kwalbar giya tamu ta nan 60cl ce, ƙarfinta kusan kashi 5 cikin ɗari, wato akwai tsantsar barasa kamar 30ml a ciki. Wayin kuwa ƙarfinsa yana kai kashi 12 zuwa 14, kwalbarsa 75cl, in ka lissafa da kashi 13 zaka samu kusan 97ml. Kaga kwalbar wayin ɗaya ta zarce manyan kwalaben giya uku, ga shi da zaƙi-zaƙi yana tafiya sumul a wuya, mutane biyu suna hira zasu shanye kwalba basu ankara ba. To komawa wayin ba ragewa bane, yana iya zama ƙarawa ma.

Inda suka ɗan bambanta shine ciwon gaɓɓai da muke kira gawut, wanda babban ɗan yatsan ƙafa yake kumbura cikin dare ya yi ja ko mayafi mutum baya so ya taɓa shi, giyar kwalba ta fi tayar da shi saboda sinadarin purin da ke cikinta. Teɓa kuma, kowane giram na barasa yana da kalori 7, kusa da na mai, ga tsire da farfesun da ake bi da shi.

Maganar cewa na manyan mutane ne, wannan tarihi ne ya ba shi. An tono tulunan ƙasa masu alamar wayin a ƙasar Jojiya da suka kai shekara wajen 8,000, a Armeniya an samu wurin matse inabi a cikin kogo mai shekara sama da 6,000. Girkawa da Rumawa suka mayar da shi abin shan fada da na masu ilimi, suna kallon giyar hatsi a matsayin ta talakawa da baƙi, alhali a Masar da ita ake biyan leburorin da suka gina dala. Likitocin da ma sun yi amfani da wayin wajen wanke rauni, don a lokacin ruwan sha ba tsafta, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan kallon na cewa wayin na manya ne shi ya biyo Bature har ya iso mana. Mu nan inabi ba amfanin gonarmu bane na asali, dawa da gero muke da su, shi ya sa burukutu ce ta gargajiya, kamfanin giyar kwalba ma a nan Kaduna sai 1963 aka buɗe shi a Kakuri.

Kakanni kuwa, waɗanda suka tsufa su ka gani, waɗanda ciki ya kumbura suka tafi da ƙuruciya an ce sammu ne ko iska. Sannan ka kiyayi kayan haɗe-haɗe da ba a san asalinsu ba, a 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas saboda ogogoro mai methanol, wanda yake makantar da mutum kafin ya kashe shi. Shawarata ka fara ragewa daga wannan wikend ɗin, kuma kaje a auna maka jini da hanta.

Ta uku daga wata Hajiya a Tudun Wada: Likita wannan wayin da ake rabawa a dina da kamu, irin su Eva da Pure Heaven, akwai giya a ciki? Ni inada ciwon suga kuma ina sonsa.

Hajiya waɗannan da kika ambata ruwan 'ya'yan itace ne da aka sa wa gas, ba a tsima su ba, kwalbar ce kawai irin ta wayin. Amma ki dinga juya kwalba ki karanta, don akwai wasu na waje da asalinsu wayin ne aka cire barasar daga baya, irin waɗannan ana iya samun ragowar da ta kai 0.5%, in kin ga 0.0% to babu. Ni damuwata dake ba nan take ba, suga ce. Kofi ɗaya na irin wannan kusan daidai yake da lemon kwalba, maltina ma haka. In kin je biki ki ɗanɗana kaɗan a bayan abinci in ya zama dole, ki cika cikinki da ruwa.

Ta huɗu daga wata 'yar'uwa a Narayi: Inada cikin wata biyar, an ce jinina ya yi ƙasa, wata maƙwabciya tace in haɗa sitawut, baƙar giyar kwalbar nan, da madara yana ƙara jini.

Ƙanwata a'a, ko kurɓi ɗaya. Duk abinda kika sha yana ratsa mabiyiya ya isa wajen jariri, shi kuma hantarsa bata yi ƙwarin da zata tace ba, yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin sitawut ɗin ma bai taka kara ya karya ba. Ki riƙe jan maganin nan da folik asid da ake baku a wajen awo, ki ci wake, zogale, alayyahu, nama da kifi, a duba ki ko akwai maleriya, kuma kar ki sha maganin ƙarin jinin tare da shayi don yana hana shi shiga jiki.

Ta ƙarshe, wannan ta taɓa min zuciya, daga wata baiwar Allah da tace kar in faɗi unguwarsu: Likita mijina yana sha a ɓoye shekara da shekaru, yanzu ya koma wayin wai shi baya cutarwa. An taɓa ce masa yanada ciwon hanta na hepatitis B. Kwanan nan da safe hannunsa rawa yake sai ya sha yake daidaita, idonsa kamar ya fara yin ɗorawa. Ina so in zubar da kwalaben duka.

Baiwar Allah sannu, Allah ya saka miki da wannan haƙuri. Abinda kika faɗa ba na jira bane. Hepatitis B da barasa in suka haɗu kamar wuta ce da fetur a hanta, kuma ciwon yana da yawa a cikinmu, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, akasari basu sani ba. Ban manta wani magidanci da na taɓa kula da shi ba, bai kai arba'in da biyar ba, hannuwa sun rame kamar kara amma ciki ya yi tulu har cibiya ta turo, muka saka allura muna zuƙe ruwa lita bayan lita mai kalar fitsari, matarsa na zaune bakin gado da fulas ɗin kunu da ya kasa sha, tana tambayata ko in an cire ruwan shikenan. Bana so ki kai wannan matakin.

Amma kar ki zubar da kwalaben yau ki ce ya daina lokaci ɗaya a gida. Wanda hannunsa ke rawa da safe jikinsa ya riga ya dogara da barasa, in aka yanke kwatsam cikin kwana biyu zuwa uku yana iya fara jijjiga kamar farfaɗiya, ya rikice, yana ganin abubuwan da babu su, wannan yana kisa. A asibiti ake yayewa, da magunguna da bitamin B1. Ki nemi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba gaban yara ba, ki fara da maganar idon nan da ya canza kala, in kina ganin bazai saurare ki ba ki samu yayansa ko amininsa ɗaya mai riƙe sirri. Ku je Asibitin Barau Dikko ko wani babban asibiti a cikin satin nan a yi gwajin hanta da hoton ciki, maganar dainawa kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, kuma zuwa can ba yana nufin hauka ba. Kafin nan kar ya sha parasitamol barkatai ko jiƙe-jiƙen masu talla a mota. In kika ga ya yi aman jini, ko bahaya baƙi kamar kwalta, ko yana ta barci yana magana ba kan gado, a daren ku tafi imajensi. Ke da yaran kuma kuje a gwada ku, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi, allura uku ce.