Ƙofa na sheƙi amma ta ƙi zama madubi

Ka ce min, "Oga, ƙofar motar nan da muka fesa shekaranjiya na bi ta da folish har sau uku. Sheƙi kam tana yi, amma in na tsaya gabanta sai fuskata ta fito a murguɗe, kamar na leƙa ruwan da aka jefa wa tsakuwa. Ina kuskuren yake?"

To yaro, folish bai gaza ba, aikin da ba nasa ba ka ba shi. Kunna fitila mai dogon ƙwai, ka tsuguna ka dubi haskenta a jikin ƙofar. Ka ga gefen layin yana rawa? Wannan shi ne ɓawon lemo, wato ƙananan tudu da kwari da kiliya (fenti marar launi da ake fesawa a kan launin mota) ke bari idan ta kama kafin ta gama kwanciya. Soson injin folish laushi gare shi, tudu ya hau, kwari ya gangara, ya haskaka su yadda ya same su. Abin da ke aske tudu ya daidaita shi da kwari samfefar ruwa ce a naɗe jikin bulok na roba mai ɗan tauri.

Amma kafin ka taɓa komai, tambayi kanka abu biyu. Na farko, kiliya nawa ke jikin ƙofar? Hannu biyu cikakku, wato feshi sau biyu, ba su cika wuce maikiron 50 zuwa 60 ba, kusan kaurin silin gashin kai ke nan, kuma a cikinta maganin da ke kare launi daga rana yake. Duk abin da ka ci ba ya dawowa. Shi ya sa idan tun farko an san za a yi wa mota gugar madubi, hannu uku ake fesawa. Na biyu, ta bushe? Kiliya mai hadna (maganin da ke sa ta taurare) da aka bari ta sha iska tana son aƙalla awa 24 a zafin digiri 20. Idan gasa ta aka yi a ɗakin feshi, misali minti 30 a digiri 60, a bari ta huce sarai. Takardar da ke tare da gwangwanin ita ce alƙali, karanta ta. Danna farcenka a kan tef ɗin da feshi ya sauka a gefe: in ya bar shaida, da saura. Wanda ya yi gaggawa zai ga samfefa na cushewa da ƙananan dunƙule, kuma bayan mako biyu, da sauran tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) ta fice fentin ya ƙara tsukewa, sai karcen da ya ɗauka ya ɓace ya sake leƙowa.

Wanke ƙofar tas. Ka jiƙa samfefa a bokitin ruwa mai tsabta kamar minti 15, da ɗigo biyu na sabulun ruwa don santsi. Manna tef a bakin ƙofa, da kan duk wani layi mai kaifi na jikin mota, da gefen mariƙi. A waɗannan wurare kiliya ta fi siranta domin tana zamewa daga kan kaifi tun tana ɗanya, kuma nan ne hannu ya fi dannawa ba ka sani ba.

Fara da samfefa lamba 1500 (iya girman lamba, iya laushin samfefa). Kada ka riƙe takardar da yatsu zalla, domin yatsu huɗu layi huɗu za su tona maka, ba za ka gan su ba sai bayan folish. Ɗauki wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ka riƙa tafiya a miƙe, gaba da baya, ba zagaye ba, kana fesa ruwa da ɗayan hannun. Nauyin hannunka ya isa. Bayan bi takwas ko goma, tsane wurin da faffaɗar roba ka duba. Inda ya dushe samfefa ta ci, ɗige-ɗigen da suka rage suna ƙyalli su ne kwarin da ba ka kai ba. Idan suka kusa ƙarewa, tsaya, ka bar sauran wa lamba ta gaba. Ni a ganina ƙofa ɗaya da aka goge ta zama gilashi alhali sauran motar na da ɗan ɓawonta na kamfani ta fi tona asirin gyara, don haka dubi fenda da ƙofar da ke kusa kafin ka yanke iyakar da za ka kai.

Ka sa ido kan ruwan da ke gangarowa. Fari kamar madara, kiliya kake ci, lafiya lau. Da ka ga launin motar a ciki, ka riga ka huda, kuma babu folish ɗin da zai rufe wannan sai sabon feshi. Kunne ma yana aiki: in ka ji wani siririn ƙara "tsiii" a ƙarƙashin bulok, ƙwayar yashi ce ta shiga. Ɗaga nan take ka ɗauraye takarda da jikin motar. Takardar da ta faɗi ƙasa kuwa ta gama aiki.

Daga 1500 sai 2000, amma ka sauya hanya. In a kwance ka yi ta farko, yi wannan a karkace, ta haka za ka gane lokacin da karcen baya ya ɓace. Sannan 3000. Yara da yawa na tsallake ta don ganin wai ɓata lokaci ne, su je su ninka lokacin a kan inji suna dafa fenti. Hawayen fenti da ƙurar da ta maƙale, su ake fara saukewa su kaɗai da ɗan ƙaramin bulok mai tauri da lamba 1000 ko 1200, a kan ƙololuwar kawai, kafin a shiga gugar gaba ɗaya.

Yanzu inji. Sa faifan gashin tumaki ko soso mai tauri, ka ɗiga kwamfawun, wato man guga mai kaushi da ke cin karcen samfefa, ɗigo huɗu ko biyar girman ƙwayar wake. Baza shi a ƙaramin gudu, kamar juyi 600 zuwa 800 a minti, sannan ka hau 1200 zuwa 1500. Faifan ya kwanta kusan shimfiɗe, kana tafiya a hankali, kowane layi na hawa rabin na baya. Kada inji ya tsaya wuri guda. Riƙa taɓa ƙarfen da bayan hannu: ɗumi babu laifi, zafin da ke sa ka janye hannu ya yi yawa. Bamba ta roba ta fi haɗari, domin roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, nan da nan fenti ke naɗewa. A bakin ƙofa, karkata injin yadda faifan zai riƙa fita daga gefen, ba ya shigo ya kama shi ba. Ka riƙa kakkaɓe busasshen kwamfawun daga faifan da buroshi, in ba haka ba shi da kansa zai karce maka.

Kwamfawun na barin nasa zanen, wannan zagaye-zagayen da ke bin ka a rana kamar saƙar gizo, musamman a baƙar mota. Sauya zuwa soso mai laushi da folish mai laushi, ka rage gudu zuwa kamar 1000. Soso ɗaya ba ya cin magani biyu. In akwai inji mai juyi yana lilo, da shi za ka kammala, domin ba ya barin wannan zagayen.

Sai gwaji. Man da ke cikin folish yana cike karce ya ɓoye shi har wankin farko. Haɗa barasar goge-goge ta aisofurofil da ruwa, barasar ta zama kashi ɗaya cikin huɗu, ka share da tsumman maikirofaiba mai tsabta, ka haska tocila mai ƙarfi ta gefe. Layuka miƙaƙƙu ragowar samfefa ne, koma kan kwamfawun, ko 3000 in sun yi zurfi. Masu zagaye kuwa na inji ne, ƙara folish.

Kada ka shafa wakis, wato kakin da ake shafa wa mota don sheƙi da kariya. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da tina, kuma yawancin masu yin fenti na cewa a jira kwana 30 zuwa 90. Faɗa wa mai motar haka, ka ƙara masa da cewa a wannan tsakanin wanki da hannu kawai, da ruwa mai yawa da tsumma mai laushi.