Gargaɗi na shigowa da asuba, alhali sabar lafiya lau

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da rukunin kwamfutoci na Hadoop, manhajar adana da sarrafa bayanai masu yawa, da muka tsare da Kerberos, tsarin tantance masu shiga. Kusan kullum da asuba manhajar sa ido takan turo gargaɗi wai NameNode, sabar da ke riƙe da jerin fayilolin rukunin, ta faɗi, da lambar kuskure 401, amma in an duba sai a tarar tana aiki. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sabarku ba ta da laifi. Lambar 401 na nufin an ƙi buɗe wa manhajar sa ido ƙofa, kuma galibi tikitinta ne ya mutu, wato shaidar izinin shiga da Kerberos ke ba ta. Tikitin Kerberos yana da wa'adi: a nau'in Kerberos na MIT yawanci awa 24 ne, a Active Directory na Microsoft kuwa awa 10. Tikiti mai awa 10 da aka karɓa da takwas na dare zai mutu da shida na safe.

Fara da buga umarnin klist da sunan asusun da manhajar ke aiki da shi, ka ga lokacin mutuwar tikitin. Kada ka dogara da ticket_lifetime, wato wa'adin da aka rubuta a fayil ɗin saiti na krb5.conf, kaɗai, domin sabar da ke ba da tikiti tana da nata iyakar wa'adi mai suna max_life, kuma mafi gajarta a cikinsu shi ake bi.

Mutane da yawa kan ruga zuwa kinit -R, umarnin sabunta tikiti. Ba na ba da wannan shawara. Sabuntawa ba ta yiwuwa bayan tikiti ya riga ya mutu, sannan tana da iyaka, kwana 7 a Active Directory. Gara manhajar ta riƙa karɓo sabon tikiti da kinit -kt daga fayil ɗin keytab, mai ɗauke da makullin sirrin asusun, misali duk bayan awa 4, tun wa'adi bai ƙarato ba. Manhajar k5start ma tana yin wannan aikin in aka ba ta -K 60, wato ta duba duk minti 60.

Sai ka ware mata ma'ajiyar tikitinta ta hanyar KRB5CCNAME, saitin da ke nuna inda ake ajiye tikiti. In suna tarayya da wani aiki, umarnin kdestroy ɗaya daga wancan aikin ya isa ya share mata tikiti.

In gargaɗin bai daina ba, duba agogo. Bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin na'ura da sabar tikiti yana sa a ƙi ta, maganinsa daidaita agogo da chrony ko NTP. Idan kuma an canja kalmar sirrin asusun, tsohon keytab ya tashi aiki. Gwada lambar sigar makulli da klist -k ke nunawa da wadda umarnin kvno ke nunawa, in sun saɓa ka fitar da sabon keytab.