Amsa ga ƙaninmu da mai tasha ya mayar wa da aikin tambari

Ƙanina, ka ce ka haɗa wa tashar talabijin tambari mai motsi da layuka da launuka zalla, mai tashar ya ce bai ga ma'anarsa ba. Wallahi kamar ni ka ba wa labarina.

Ni ma sati uku na yi a kan tambarin wata tasha mai daƙiƙa takwas. Firam, wato hoto ɗaya-ɗaya, 25 a kowace daƙiƙa, firam 200 ke nan, ina bin su ɗaya-ɗaya a manhajar After Effects. Daren ƙarshe aka ɗauke wuta, na ranto kuɗin fetur, kwamfuta tana renda, wato fitar da bidiyon, tun bayan isha'i har kiran asalatu. Da na kai, manajan tashar a waya ya kalla, yana tsaye, yana amsa wani kiran. Ya ce, "Waɗannan tsutsotsin fa? Ina doki?" A gaban ma'aikatansa, har da masu dariya. Ragowar kuɗina bai biya ba har yau. Bayan wata biyu sai ga launukana a tashar, an ba wani ya ɗora doki a kai. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Allah ya isa.

Kar ka sake buɗe kwamfuta sai ka iya faɗin abin da motsin yake nufi a jimla ɗaya. Tambarin Channel 4 ta Ingila da Martin Lambie-Nairn ya yi a 1982 tubala ne masu launi ke tahowa su haɗu su zama 4, don a lokacin tashar ba ta shirya shirye-shiryenta da kanta, daga kamfanoni daban-daban take tattarowa. Ka ga ko manaja zai gane wannan.

Ni yanzu daga dagin Arewa nake ɗauko layukana, ko aska takwas ta babbar riga, in warware su, su sake ƙulluwa. Idon mutum ya san su ko bai ankara ba. Kuma sauti nake fara samu, ko bugun kalangu ne, motsin ya bi shi.

Rabin kuɗi kafin ka fara, don Allah. Ka zana matakan a takarda ya sa hannu. Siraran layuka rawa suke yi a ƙaramar talabijin, ka je gidan maƙwabci ka gwada. Daƙiƙa biyun ƙarshe kuma tambarin ya tsaya cak a karanta sunan.

Turo min naka in duba maka da daddare.