Tambaya da amsa: Shin tsayar da allon kwamfuta yana da amfani a wasan tuƙa jirgin ƙasa?

Tambaya: Malam, ina wasan Train Sim World da Open Rails, kuma ina son in juya allona ya tsaya a tsaye. Wani mai gyara ya ce hakan zai rage wa katin hoto nauyi, amma sai ya saka mini wata manhaja ta musamman. Ina tsoron kada in lalata kwamfutar da na sha wahala kafin na haɗa ta.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya, sai dai allon ba shi ne abin tsoron ba. Idan ka tsayar da allo mai ɗigon hoto 1920 a faɗi da 1080 a tsayi, zai koma 1080 da 1920, sai ka ƙara ganin sama da ƙasa: wayoyin lantarki, siginar da ke rataye bisa layin dogo, da agogon gudu a gabanka. Abin da za ka rasa shi ne gefe, alhali teburin direba shimfiɗe yake a kwance, birki a nan, maɓallan ƙofa a can. A layukan Ingila sigina yawanci tana hagu, a na Jamus kuma tana dama, don haka a kan kwana ko wajen shiga tasha za ka riƙa waige-waige da linzamin kwamfuta a lokacin da ya kamata hannunka ya kasance a kan birki. A ganina, ka bar babban allo a kwance, idan kana da allo na biyu ka tsayar da shi domin jadawalin tafiya, taswira da littafin bayanin injin.

Maganar mai gyaran nan kuwa, kullum sai na ji irinta, kuma ta ishe ni. Ɗigon hoto 2,073,600 ne a allon, ko a tsaye ko a kwance, saboda haka babu wani nauyi da ya ragu don kawai an juya shi. Bayan haka, tsaikon da ake gani a manyan tashoshi sau da yawa daga firosesa yake, domin ita ke lissafin zirga-zirgar sauran jirage da sigina. Windows da kanta tana juya hoto a saitin allo, kyauta, ba tare da an sauke komai ba. To, me wannan manhajar za ta yi? Irin waɗannan fayiloli da ake yawo da su a filasha, ana cewa sai ka kashe rigakafin kwamfuta kafin su shiga, ta nan ɓarayi ke kwashe kalmar sirrin Steam (shagon intanet da ake sayen wasannin kwamfuta) da ta imel, mutum ya wayi gari asusunsa da duk layukan dogo na wasan da ya saya da kuɗinsa sun tafi. Duk wanda ya ce ka kashe rigakafi domin ka juya allo, ko dai bai san aikinsa ba ko kuma ya san abin da yake nema a wurinka, kuma cin amana ne a karɓi kuɗin mutum a kan abin da ke cikin na'urarsa tun asali.

Kafin ka juya, duba bayan allon ko akwai ramukan VESA, wato ramukan ɗaure allo a jikin ƙafa, masu tazarar milimita 75 ko 100, ka sayi ƙafa mai juyawa. Kada ka jingina shi da bango ka toshe kafofin fitar zafi. Ka kuma tabbatar allon nau'in IPS ne, wanda launinsa ba ya canzawa sosai idan an kalle shi ta gefe, domin nau'in TN idan aka tsayar da shi launinsa yakan bambanta tsakanin hagu da dama, ido ya gaji tun kafin ka kai tasha ta uku.