Tambayi Anti: Inaso in yi transifa zuwa City College, kulob nawa zan shiga?

Assalamu alaikum Anti, ni ɗaliba ce a Bronx Community College a birnin New York, zangona na biyu kenan, GPA ɗina, wato matsakaicin makina, 3.3. Burina in koma City College in karanta injiniyanci. Ƙawayena sunata cemin in shiga kulob kamar huɗu kuma in riƙa ɗibar kwasakwasai masu sauƙi dan maki ya tashi, to ni kuma da yamma ina aiki a shagon kawuna, ranar Asabar ina koyar da yara a islamiyya, wallahi lokacin ma babu. Dan Allah me zan yi?
Ƴarki daga Bronx

Wa alaikumussalam ƴata. Bari in fara da zancen kwas mai sauƙi, dan shine wanda zai iya cutar dake. Masu duba takardu ba lambar GPA kaɗai suke kallo ba, suna bin kwasakwasan ɗaya bayan ɗaya, kuma sashen injiniya abinda yakeso ya gani shine Kalkulas da Fiziks da Kemistiri. B a Kalkulas ta fi miki amfani akan A guda uku a abinda bai shafi fannin ba. Kuma lissafi sarƙa ne, sai kin ci na 1 zaki shiga na 2, in kika ɗaga shi zango ɗaya to duk abinda ke bayansa ya ɗagu, haka mutum zaiga ya ƙara shekara guda baisan ta inda akai ba.

Saboda haka ki fara daga can ki dawo baya. Ki buɗe jerin abinda makarantar injiniya ta Grove a City College take nema, ki ajiye kusa da naki, sai ki shiga shafin Transfer Explorer na CUNY, wato haɗakar jami'o'in gwamnati na birnin New York, kyauta ne, kina sa kwas zai nuna miki da wanne za a musanya shi a can. Kinyi sa'a ma duk makarantun biyu na CUNY ne, tun 2013 akwai tsarin Pathways wanda yasa kiredit 30 na darussan bai ɗaya suke bin ɗalibi duk inda ya koma cikin CUNY. Sannan ki duba wace digiri akayi miki rajista, AS ce ko AAS? AS ita aka tsara dan transifa, AAS ta masu son fita aiki ce bayan sun gama kiredit 60 na digirin, wasu kwasakwasanta sai a ƙirga miki su amma ba a cikin na fanninki ba. Wannan ki tambayi adbaiza, mai baiwa ɗalibai shawara, cikin satin nan, kar ki bari sai gobe.

Maganar kulob huɗu kuwa, hmm, ƙawayenki basu da mugun nufi amma cika takarda ne kawai. Transifa a cikin CUNY mafi yawa maki da kwasakwasai ake dubawa. Inda ayyukan wajen aji suke da nauyi shine in zaki gwada jami'o'i masu zaman kansu irinsu NYU ko Columbia, ko neman tallafin karatu na Jack Kent Cooke da yake kaiwa dala 55,000 a shekara, shi kuma sai GPA ya kai 3.5, haka ma ƙungiyar Phi Theta Kappa ta ɗalibai masu maki mai kyau yawanci 3.5 ɗin take nema, kinga ashe duk hanya ta koma aji.

Kuma waye yace miki baki da ayyuka? Aikin shago aiki ne, ki rubuta awa nawa a sati. Koyarwar islamiyya ma haka, yara nawa, shekara nawa kina yi. In kece kike raka Mama asibiti kina mata tafinta, shima ki saka, yaranmu sun cika raina wannan. Ki ƙara abu ɗaya tak da ya shafi fanninki, ko ki zama mai taimakawa ɗalibai a cibiyar lissafi ta makaranta, kuma ki riƙa leƙa ofishin malamin Kalkulas a lokacin da ya ware, dan ranar da zaki nemi wasiƙar shaida ya zama ya san fuskarki.

In a zangon kaka kikeso ki fara, ki tura takardunki kafin 1 ga Fabrairu, na bazara wato Spring kuma kafin 15 ga Satumba. Ki gaida min kawun naki, kice Anti tace satin jarabawa ya rage miki awanni.