Mota tana kik amma ba ta tashi: kar ka sayi famfo tukuna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Corolla ɗinka ta 2005 jiya lafiya lau ka ajiye ta, yau da safe tana kik da ƙarfi amma ta ƙi tashi, kuma bakanike ya ce a canza famfon mai. Don Allah ka dakata da sayen famfon nan har sai an gwada.

Ni wannan maganar ta taɓa cin kuɗina. Da tawa ta yi haka, famfo aka sa na saya, aka canza fulogi huɗu, aka wanke nozul, mota tana nan jiya-i-yau. Kwana uku tana gareji kafin wani mai rewaya ya jona mata kwamfuta, lamba P0335 ta fito. Ashe sensan kiranshaf ne, wato na'urar da ke gane juyawar inji, ɓera ya ci wayarsa. Ɗaurin waya kawai aka yi ta tashi. Har yau tsohon famfona yana gida, lafiyarsa ƙalau.

Tunda tana kik da ƙarfi, batir da kik ɗin ba su ne abin zargi na farko ba. Saura mai, wutar fulogi, da matsin iska a cikin inji. Ga yadda nake raba gardama tsakanin mai da wuta: a buɗe robar da ta taso daga iyakilina, wato matatar iskar inji, a fesa ɗan maganin wanke kafireto kaɗan, a mayar, a yi kik. In ta kama na daƙiƙa biyu ta mutu, wuta na nan, mai ne ba ya zuwa. In ko gezau ba ta yi ba, a koma ɓangaren wuta. Kaɗan fa na ce, kuma kowa ya janye fuskarsa, don abin yana kamawa da wuta.

In mai ne ma, ba lallai famfo ba ne. A fara da fiyus ɗin da aka rubuta wa EFI a akwatin cikin bonet, da rilensa. Sai a ɗaga kujerar baya, a nan famfon yake, a saurara. Amma ka lura, Toyota da yawa na wancan zamanin famfonsu ba ya kuka da murɗa makulli kawai, sai ana kik. Mutane da dama sun jefar da famfo mai kyau saboda rashin sanin wannan. A gwada ko wuta na isa soket ɗinsa, a sa geji a ga ƙarfin man, ya kamata ya kai wajen bar 3 a ma'aunin matsi. Kuma a ina ka sha mai na ƙarshe? In na bumburutu ne, a zuba kaɗan a kwalba, ruwa zai kwanta a ƙasa.

In wuta ce babu, injinka kowane fulogi da kwayil ɗinsa mai ba shi wuta, kuma da wuya huɗu su mutu dare ɗaya. Abin da ke ba su umarni za a nema. Sensan kiranshaf shi ke gaya wa birenbos, wato kwamfutar motar, inji na juyawa, in bai yi magana ba babu wuta, nozul ma ba za su fesa ba. Sannan ka dubi fitilar sikyuriti a dashbod. In tana ci gaba da ƙiftawa bayan ka sa makulli, motar ba ta gane shi ba, gwada na ajiya.

Sautin kik ɗin ma ka saurare shi. In yana gudu sakayau fiye da yadda ka saba, matsin iska ya tafi, sai a gwada kwamfureshan. Motarka sarƙa ce ke daidaita juyin injinta ba bel ba, kuma sarƙar ba ta cika tsinkewa ba, sai dai in motar ta yi ofahitin, wato inji ya yi zafi fiye da kima, kwanan nan a zargi gaskit ɗin kan inji.

Kar ka riƙe kik ya wuce daƙiƙa 10, ka bar shi ya huta, in ba haka ba zai ƙone, fulogi kuma su jiƙe da mai. Ka yi gwajin fesawar nan ka faɗa mana ko ta kama, da lambar da kwamfuta ta nuna. Allah Ya sa abin ya zo da sauƙi.