Kafa hujja da auren jinsi don neman a amince da ƙarin aure

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a Amurka da iyalina. Wasu 'yan'uwa na cewa tunda kotu ta amince da auren jinsi, mu ma mu riƙe wannan hukunci mu nemi a amince mana da auren mace fiye da ɗaya. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, maganar tana da asali. A hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na watan Yunin 2015 alƙalai 5 ne suka rinjayi 4, kuma shugabansu John Roberts, wanda bai goyi bayan hukuncin ba, ya ce hujjar da aka kafa za ta iya hawa kan auren mata da yawa. Sai dai hukuncin wannan kotu na 1879 da ya hana mabiya Mormon, wata ɗariƙar addini a Amurka, tara mata yana nan daram. Jihar Utah ma, cibiyar mabiya Mormon, a 2020 horon tara mata kawai ta sassauta, ba ta halatta shi ba.

Neman haƙƙi ta kotu ko majalisa halal ne. Abin da bai halatta ba shi ne daidaita abubuwan biyu. Ƙarin aure nassi ya halatta shi a aya ta 3 ta Suratun Nisa'i, da iyakar huɗu da sharaɗin adalci. Ɗayan kuwa Suratul A'arafi, aya ta 80 da 81, ta yi tir da shi, kuma malamai ba su saɓa a kan haramcinsa ba. Wanda ya ce yardar masu auren kaɗai ke halatta aure, ya karɓi tushen da babu waliyyi a cikinsa, babu sadaki, babu iyakar huɗu. Ku kafa hujjarku a kan 'yancin addini da kare haƙƙin mata da 'ya'ya.

Abin da ya fi damuna shi ne amaryar da ake ɗaura wa aure a falo ba takarda. Idan rukunai sun cika auren ya ɗauru, amma ba ta cikin inshorar lafiyar mijin, ba za ta sami takardar zama ta hanyarsa ba, kuma ranar da ya rasu uwargida kaɗai kotu ta sani a matsayin matarsa. Ina adalcin da ayar ta shardanta? Ita ayar ce ta ce in kun ji tsoron rashin adalci, to ɗaya.

Ƙarin aure halal ne, ba wajibi ba, kuma bizar da ka shiga da ita alkawari ce, farkon Suratul Ma'ida ya umarci a cika alkawura. Muddin dokar inda kake ba ta san mata ta biyu ba, ka haƙura da ɗaya. Wallahu a'alam.